Awa Takwas

Takarda ɗari uku da sha biyu
na raba wa 'yan aji biyu ranar Talata,
a makarantarmu da ke maƙale a tudun Busan,
inda tagogi ke kallon jiragen ruwa suna sauke kaya.
Tambaya ta huɗu: awa nawa kake barci?
Kusan kowa ya rubuta takwas.

Takwas!
To gadajen nan uku na ɗakin jinyata,
aljanu ne ke kwanciya a kansu?

Ba a sa suna ba, amma na san hannun Gyuri,
rubutu ƙanana kamar sawun tururuwa.
Ta ce takwas. Ta ce tana karya kumallo.
Jiya da hantsi ta shigo tana dafa bango,
leɓɓanta sun yi fari fat,
cikinta babu komai sai gwangwani biyu
na lemon nan mai hana ido rufuwa.
Daga aji sai darasin yamma,
daga na yamma sai na dare,
sha ɗaya da rabi ta kama bas ta ƙarshe,
sannan waya a ƙarƙashin bargo
har kakarta ta tashi zuwa kasuwar kifi.
Gida ɗaya, wata ta farka, wata ba ta runtsa ba.

Na ba ta ruwan ɗumi
da dunƙulen shinkafa naɗe a ganyen teku.
Ta ce, "Malama Ok, minti ashirin kawai,
ki tashe ni kafin lissafi."
Ban tashe ta ba.
Malamin ya aiko, na ce zazzaɓi ne.
Ƙarya na yi. Ni ma na iya cika takarda.

Taeo kuwa, mai tsaron ragar makaranta,
ya amsa tambayar taba da a'a, ya ja layi biyu a ƙasa.
Da gaskiyarsa, ai ba taba yake zuƙa ba,
wani ɗan bututu ne mai ƙamshin inibi,
yana kwana a hannun rigarsa,
hayaƙin ya ɓace kafin ka ce kwabo.
Tarin ne dai ya ƙi ɓuya,
daga hawa na uku nake jiyo shi.

Akwai wata da ban gane hannunta ba.
A gurbin nauyi ta rubuta lamba, ta goge,
ta sake rubutawa, ta goge,
har takardar ta huje.
Na ɗaga ta sama, hasken fitila ya ratso ta hujin.
Gobe a ɗakin cin abinci zan zauna a kusurwa
in ga wace ce ke juya cokali cikin miya
ba ta kai shi baki.

Hukuma na jiran alƙaluma kafin Juma'a.
Za su samu, a jere, tsaf:
yaranmu na cin ganye, suna shan ruwa,
suna motsa jiki sau uku a mako.
Takarda ai ba ta hamma.

A bango ga hoton da na manna da kaina,
faranti an raba shi gida huɗu,
ƙasansa da jan alƙalami: lafiya uwar jiki.
Gefe guda ya saki, shekara biyu ke nan ina cewa zan gyara.

Ɗaya saura kwata.
Kofin gahawa na huɗu ya huce,
taliyar kwalin da na jiƙa tun tara ta kumbura.
Takarda ɗaya ta yi saura, babu mai ita.
Na jawo ta.
Tambaya ta huɗu.
Alƙalamina ya riga ya zana da'irar sama
kafin in kama shi.
Na goge a hankali, kada ta huje,
na rubuta biyar.

Can ƙasa, bakin teku,
an fara kunna fitilun kasuwar kifi.